Gadon Jini da Garkuwar Jiki: Abin da Yaro ke Karɓa Daga Uwa da Uba

Wata safiya cikin sanyin hunturu, wata mata ta kawo mana ɗanta ɗan shekara biyu. Hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya kwana yana kuka. Uwar mijinta ce ta rako ta. Tun kafin in gama duba yaron, tsohuwar ta ce, "Malama, ki duba mana uwar ma. Yara biyu ke nan ta binne. Mu a gidanmu ba mu san wannan ciwo ba, jininta ne ba shi da kyau." Matar ta sunkuyar da kai, ba ta ce komai ba.

Na ce, "Iya, za mu duba ta. Amma ina roƙonki ranar kasuwa ki turo mana ɗanki shi ma."

Ranar kasuwa maigidan ya zo, aka ɗibi jininsa. Da sakamako ya fito, yaron SS ne, wato yana da sikila. Uwar AS ce. Uban ma AS ne. Na zauna da su na yi musu bayani. Maigidan ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ashe da nawa a ciki."

Saboda gidaje irin wannan aka rubuta wannan ɗan littafi. Ko ku Kirista ne ko Musulmi, ko kuna karantawa da kanku ko ana karanta muku a zumuntar mata, ku bi shi a hankali. Za ku ga yadda yaro ke gadon iyayensa biyu, da yadda jiki ke kare kansa daga cuta, da abin da ke hannunku ku yi.

Rubutun da ke cikin jikinku

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka aka gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A jikin babban mutum sun kai wajen tiriliyan 30. Fata, nama, ƙashi, jini, duk su ne.

A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani siririn zare da aka nannaɗe. Masana na kiransa DNA, a takardun Faransanci kuma za ku ga an rubuta ADN. Da za a warware zaren ƙwaya guda, zai kai tsawon mita biyu. A jikin zaren nan aka jera umarnin gina mutum: launin fata, irin gashi, rukunin jini, da dubban abubuwa. Sinadarai huɗu ne aka yi jerin da su, ana yi musu laƙabi da haruffa huɗu: A, T, G da C. Ku ɗauke shi kamar littafi mai haruffa wajen biliyan 3. Kowane yanki da ke ɗauke da umarni guda shi muke kira ƙwayar gado, kuma mutum na da su kusan 20,000.

A shekarar 1953, a garin Kambirij na Ingila, James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar zaren, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka a Landan. Zare biyu ne a murɗe da juna kamar igiya, kuma kullum A na fuskantar T, G na fuskantar C. Saboda wannan tsari, in ƙwaya za ta rabu biyu sai igiyar ta warware, kowane ɓari ya gina abokinsa, a sami kofi biyu iri ɗaya. Ta haka ɗigo guda a cikin mahaifa ke zama jariri, rubutun bai ɓace ba.

Rabi daga uwa, rabi daga uba

Zaren ba a dunƙule ɗaya yake ba. An ɗaure shi dami-dami, dami 46, ana kiran kowanne kuromosom. Biyu-biyu suke tafiya, wato tagwaye 23. Ƙwan mace na ɗauke da dami 23, maniyyin namiji ma 23. In sun haɗu sai yaro ya sami 46 cif. Babu yaron da ya ɗebi 30 wajen uwa, 16 wajen uba. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, sai dai ku tuna ɗan barewa iyaye biyu gare shi.

Ga wani abin da ya kamata kowane maigida ya ji. Tagwayen ƙarshe su ke raba mace da namiji. Mace na da X da X, namiji na da X da Y. Don haka ƙwan uwa kullum X yake bayarwa. In maniyyin da ya shiga mai X ne, mace za a haifa. In mai Y ne, namiji. Matar da ta haifi 'ya'ya mata biyar a jere ba ta yi wani laifi ba, shi ma mijin ba shi ya zaɓa ba.

Tun da damin biyu-biyu ne, kowace ƙwayar gado ma kofi biyu ce a jikinku, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Wani lokaci ɗaya kan rinjayi ɗaya, ta ɓoye ta. Wanda ya fara gano haka wani mai zaman zuhudu ne, Gregor Mendel, a garin Burno da ke Jamhuriyar Cek ta yau. Ya yi shekaru yana shuka wani irin waken ƙasarsu a lambun gidan ibada yana ƙirgawa. Ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure, sai 'ya'yan duka suka fito shunayya. Da ya shuka irin waɗannan 'ya'yan, sai fari ya dawo: cikin kowane huɗu, kusan uku shunayya, ɗaya fari. Ashe farin bai mutu ba, ɓuya ya yi. Ya buga sakamakonsa a 1866.

Kun san irin wannan a garuruwanku. Iyaye biyu baƙaƙe su haifi zabiya, mutane su yi ta surutu. Abin da ya faru shi ne kowannensu na ɗauke da ɓoyayyar ƙwayar gadon zabiya, sai biyun suka haɗu a kan yaro guda. Ba maita ba ce, ba cin amanar aure ba ne.

Harafi guda da ya sauya

Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar numfashi daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Abin da ke riƙe iskar a cikinsu sunansa hemogulobin. Lafiyayyar ƙwaya zagayayya ce, mai laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta cikin jijiyar da ta fi gashi siranta. Takan yi kwana 120 tana aiki kafin ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa.

Umarnin ƙera wani sashe na hemogulobin yana kan dami na 11. Sashen kamar jigida yake mai ƙwaya 146. A wurin ƙwaya ta shida, rubutun da aka saba shi ne GAG. A wajen wasu mutane harafin tsakiya ya sauya, ya zama GTG. Wannan harafi guda ya sa aka saka wata ƙwaya dabam a jigidar. Hemogulobin na asali ana ce masa A, wanda ya sauya kuma S.

In iska ta yi ƙaranci, hemogulobin S kan manne da juna ya yi tauri, sai jar ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Turanci aka samo kalmar sikila. Wasu na cewa amosanin jini, a takardar asibiti ta Faransanci kuma za ku ga drépanocytose. Ƙwayoyin lauje na maƙalewa su toshe ƙananan jijiyoyi, inda jini bai kai ba kuwa sai azabar ciwo, musamman a ƙashi, ƙirji da ciki. Kuma ba sa daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun fashe. Shi ya sa yaron ke fama da ƙarancin jini, idonsa na yin rawaya kamar mai shawara.

Wani likita a Chikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana ƙwayoyin lauje a rubuce a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogulobin ɗin ne ya bambanta. Amma mutanen Afirka sun san ciwon tun da daɗewa. Wani likita ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi tarihin ciwon a zuriyarsu har zuwa wajen shekarar 1670.

Tun da kofi biyu kowa ke da shi, ga yadda mutane suka kasu. Mai AA ya gaji A daga iyayensa biyu. Mai AS ya gaji A daga ɗaya, S daga ɗaya. Shi lafiyarsa ƙalau, yana noma, tana daka, tana haihuwa, galibi ba su ma san suna ɗauke da komai ba. Mai SS ya gaji S daga uwa, ya kuma gaji S daga uba, shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani nau'i da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. Wanda ya gaji S da C, wato SC, shi ma yana da ciwon, ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi.

Ku riƙe wannan: yaro ba ya zama SS daga mutum ɗaya. Sai kowane ɓangare ya ba da nasa.

Gwajin goro

Ku gwada wannan a gida ko bayan sujada. Ku samo ƙwarya biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A kowace ku sa farin goro ɗaya da jan goro ɗaya. Fari shi ne A, ja shi ne S. Kun sami miji AS da mata AS ke nan. Sai wani ya rufe ido, ya ɗauko goro ɗaya daga kowace ƙwarya. Abin da ya fito shi ne yaron.

Hanya huɗu ce kawai. Fari da fari, AA. Farin uba da jan uwa, AS. Jan uba da farin uwa, AS. Ja da ja, SS. Wato a kowane ciki, hanya ɗaya cikin huɗu tana kai ga sikila.

Yanzu ku mayar da goron cikin ƙwarya ku sake ɗauka, ku yi haka sau ashirin kuna ƙirgawa. Za ku ga wani lokaci ja da ja ya fito sau uku a jere, wani lokaci a daɗe bai fito ba. Haka haihuwa take. Mutane na cewa, "Mun riga mun haifi mai sikila ɗaya, ukun da ke tafe lafiyayyu ne." Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon ɗauka ne, ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito jiya.

Ku sauya goron ku ga sauran aure. In ɗaya AA ne, goronsa biyu farare, ɗaya kuma AS, ba za a taɓa samun ja da ja ba. In AA ya auri SS, yaran duka AS ne, babu mai ciwon. In AS ya auri SS, rabi da rabi ne a kowane ciki. In SS ya auri SS, kowane yaro SS ne.

Auren zumunci na bukatar ƙarin kula. 'Yan uwan da suka haɗa kaka sun fi yiwuwar ɗaukar ɓoyayyar ƙwayar gado iri ɗaya. Ba na ce kowane auren zumunci zai kawo ciwo ba, amma a nan gwaji ya fi zama dole.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu?

A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da S, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila a can kowace shekara. A Kamaru, Nijar, Cadi da Gana ma ciwon na nan da yawa. Dalilin yana da alaƙa da sauro. A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar zazzaɓin na shiga jajayen ƙwayoyin jini ne, kuma ba ta jin daɗin zama a jinin mai AS. A zamanin kakanni, da babu magani babu gidan sauro, yara masu AS sun fi rayuwa su girma su haihu, sai S ya yi ta yaɗuwa.

Don haka mai AS ba shi da abin kunya. Amma kada ya ce sauro ba ya kama shi, yana kamawa. Mai SS kuwa, zazzaɓin cizon sauro na iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Kada kuma ku haɗa ciwon gado da ciwon da ake ɗauka. Tarin fuka, kuturta da ƙanjamau ƙwayoyin cuta ne ke kawo su daga waje. In kun ga mutum uku a gida ɗaya suna tarin fuka, iska ɗaya suke shaƙa, ba jini suka gada ba. Sikila kuwa ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko kwana a tabarma ɗaya, ko shan nono.

Sojojin jiki

Mu koma kan waɗancan ƙwayoyin cuta masu zuwa daga waje. Kullum muna shaƙarsu, muna haɗiyarsu, amma ba kullum muke kwanciya ba, domin Allah ya yi wa jiki garkuwa.

Katanga ta farko ita ce fata, da majina, da hawaye, da tsamin ciki. In cuta ta tsallake, sai ta gamu da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ɓargo ke ƙerawa. Wasunsu na haɗiye duk baƙon da suka gani. Mugunyar da ke fita daga ƙurji gawarwakinsu ce haɗe da ta abokan gaba. Kaluluwar da ke fito muku a hammata ko matsematsi in kun ji rauni, wurin taruwarsu ce ta kumbura saboda aiki.

Akwai kuma wata runduna mai koyo. In sabuwar cuta ta shigo, sai su duba kamanninta, su ƙera makami daidai da ita, kamar yadda maƙeri ke yanka makulli daidai da kwado. Makamin ƙyanda ba ya aiki a kan sanƙarau. Karon farko aikin kan ci mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tsakani ne yaro ke jigata ko ya mutu. In ya warke, wasu daga cikin sojojin kan zauna shekaru suna riƙe da kamannin cutar. Ranar da ta dawo, kafin ta zauna an gama da ita. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi.

Allurar rigakafi na amfani da wannan koyo. Ana sa wa jiki ƙwayar cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɗan ɓangarenta, sojoji su koya ba tare da yaro ya sha wahalar ciwon ba. Ɗan zazzaɓin da ke biyo bayan allura alama ce ta suna aiki. Edward Jenner ya fara rigakafin agana a Ingila a 1796. Ku tambayi tsofaffi irin ɓarnar da agana ta yi a garuruwanmu. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. A 2010 aka fara sabuwar allurar sanƙarau a Burkina Faso, Mali da Nijar, annobar nau'in da ta fi addabar yankinmu ta ragu ƙwarai. A watan Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum.

Ke uwa, ki san wannan. A watannin ƙarshe na ciki, makaman garkuwarki na ratsawa ta mabiyiya zuwa jikin jariri. Bayan haihuwa kuma dakashi, wato nonon farko mai kauri, cike yake da su. Kada ki bari a matse shi a zubar. Amma wannan aro ne, bayan 'yan watanni yakan ƙare. Yaro ba ya gadon abin da sojojin uwarsa suka koya, dole nasa su koya da kansu. Dalilin ke nan da ake kiran ki da katin rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, 10 da 14, da wata 9.

Inda gado da garkuwa suka haɗu

A gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, akwai saifa. Ita ke tace jini tana kama ƙwayoyin cuta. A jikin mai sikila, ƙwayoyin lauje na toshe ta tun yana ƙarami har ta daina aiki sosai. Saboda haka cutar da wani yaro zai yi kwana uku ya tashi, shi tana iya kashe shi a dare ɗaya, musamman ciwon huhu da sanƙarau. Yawancin yara masu sikila da ke mutuwa kafin shekara biyar, irin waɗannan cututtuka da zazzaɓin cizon sauro da ƙarewar jini ne ke ɗauke su, kuma duka ana iya tare su.

Rukunin jini ma gado ne. Karl Landsteiner ya gano shi a Biyana ta Ostiriya a 1901. Rukuni huɗu ne: A, B, AB da O. In aka ƙara wa mutum jinin da bai dace ba, sojojinsa za su ɗauke shi abokin gaba su farfasa shi, shi ya sa ake gwadawa kafin ƙarin jini. Ku lura, A na rukunin jini dabam yake da A na AA da AS. Gwaji biyu ne. Wanda ya ce muku "ni O ne" bai faɗa muku komai game da sikila ba. Kuma uba mai A da uwa mai B na iya haifar yaro mai O, domin O na ɓuya kamar farin furen Mendel. Kada wani ya zargi matarsa a kan haka.

Kusa da harafin rukunin jini za ku ga alamar tarawa ko ta ɗebewa. Wannan shi ne Resus. In mace mai alamar ɗebewa ta ɗauki cikin yaro mai alamar tarawa da ya gada daga uba, na farko galibi lafiya yake fitowa. Amma lokacin haihuwa ko ɓari, jinin yaron kan shiga nata, sojojinta su koyi yaƙar sa. A ciki na gaba sai makamanta su ratsa su farfasa jinin jariri, a haife shi da shawara mai tsanani ko ya mutu a ciki. Akwai allurar da ke hana wannan koyo, amma sai an yi ta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Masu alamar ɗebewa ba su da yawa a cikinmu, amma akwai su. Ki je awo, ki san naki.

Abin da za ku yi

Samari da 'yan mata, ku yi gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zuciya ba ta yi nisa ba. Tun ran gini ran zane. Ku nemi gwajin da ke bambanta AA, AS, SS da SC, wanda ake kira elektoroforez. Ƙaramin gwajin da ake cewa na Emel yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS. In an ƙara muku jini, ku jira wata uku kafin gwaji. Ku je asibiti da kanku, ku karɓi takardar da hannunku. In ku biyun AS ne, ku zauna da ma'aikacin lafiya ku ji gaskiyar abin da ke gaba, sannan ku yanke shawara da idonku a buɗe.

Fastoci, limamai da dattawa, ku ƙarfafa gwaji, amma ku riƙe sirrin mutane. Kada a karanta sakamakon wani a gaban jama'a. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya nuna musu ba na kowa ba ne. Haka ya kamata ikilisiya ta dubi gidan da ke da mai sikila.

Ku da kuka riga kuka yi aure, saki ba ya warkar da yaro. Kai maigida, in kai AS ne ka auro wata AS, labarin zai maimaita kansa a sabon ɗaki. Ku kawo yaranku duka a gwada su, har da jariri. A watanni shida na farko ciwon ba ya cika nunawa, domin jariri na da wani hemogulobin na cikin ciki da ke kare shi. Gara a sani tun kafin hannu ya fara kumbura.

In yaronku SS ne ko SC, ku cika masa alluran rigakafi duka. Ku ba shi maganin fenisilin na kullum da likita ya rubuta, aƙalla har shekara biyar, da ƙwayar folik asid mai taimakon ɓargo. Ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. Ya sha ruwa da yawa, musamman lokacin zafi. Ku rufe shi lokacin sanyi, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi, kada ruwan sama ya dake shi. Kada a yi masa tsaga ko a ƙona inda ke ciwo, rauni ƙofar cuta ce. Ku tambayi likita game da maganin haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya ƙara ƙera hemogulobin irin na jariri, ya rage yawan tashin ciwon.

Ku kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in jikinsa ya yi zafi, ko numfashi na yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko gefen hagu na ciki ya kumbura farat ɗaya, ko ɓarin jiki ya saki, ko baki ya karkace. Kada ku jira gari ya waye.

Ana iya warkar da sikila ta dashen ɓargo, kuma a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai gyara rubutun gado a ƙwayoyin ɓargon majiyyaci. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce zai mayar da SS ya zama AA, kuɗinku yake so. Abubuwan da na lissafa a sama su ne a hannunmu, kuma da su masu sikila da yawa ke girma, su yi karatu, su yi aure, su haihu. Kowace ranar 19 ga Yuni duniya na tunawa da masu wannan ciwo, rana ce mai kyau da za ku shirya gwaji a majami'arku ko unguwarku.

Yaron nan da aka kawo mana cikin hunturu yana zuwa karɓar magani kowane wata. Yawanci kakarsa ce ke goyo shi, katin asibitin a ƙulle a bakin zanenta. Ta riga ta kawo 'yan matan gidan biyu da ke shirin aure an gwada su.

In akwai abin da ba ku gane ba a wannan ɗan littafi, ku riƙo shi ku zo da shi ranar awo ko ranar rigakafi, mu bi shi tare. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya.